Ƙanƙarar Mai Kifi

A majalisar tsangaya Auta suke ce mata, don ita ce ta ƙarshe da aka ɗauka aiki, kujerarta ma tana can bakin ƙofa inda masinja ke wucewa da faranti. Dakta ce kamar su, amma a ɗakin nan ba digiri ake dubawa ba, furfura ake dubawa. Babba ke fara magana, sai mai bi masa, haka har a gangaro kanta, in an gangaro.

Yau kuwa dole a gangaro. Firizar ɗakin gwaje-gwajenta ta mutu tun farkon mako, kuma abin da ke ciki wahalar mutum guda ce, ɗalibinta na digirin digirgir da kowa ke kira Mai Kifi. Malamin sakandare ne, magidanci mai 'ya'ya. Shekara da shekaru yana bin kogin da masana'antu ke zubar da dagwalonsu, yana kamo kifi rani da damina, yana cire hanta yana adanawa a 'yan kwalabe, don ya auna gubar da mutane ke ci ba su sani ba. Awon ƙarshe ya rage masa. In hantar ta narke ta ruɓe, aikin ya bi ruwa, ga hutun karatunsa bana zai ƙare, an kuma ce ba ƙari.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kuɗin gyaran yana nan. Ita ta nemo tallafin da guminta, amma da ya zo sai ya faɗa asusun tsangaya, ko ƙusa ba a saye daga ciki sai majalisa ta zauna ta amince. Mai gyara ya duba ya ce injin ne ya ƙone, aikin wuni ɗaya ne. Shugaban tsangaya kuwa ya ce ta yi haƙuri, zai sa batun a ajanda.

Kafin nan, ita da Mai Kifi ke riƙon abin da ƙanƙara. Kowace safiya sukan sayo, su jera kwalaben a babbar kula, su danne, su rufe da tsohon tawul ɗin wankan 'yarta, ruwan hoda mai zanen agwagi. Yau ma sun yi haka, sannan ta tura shi shagon mai gyara ya zauna, da an amince ta buga masa waya su taho tare.

Aka zauna a makare, ga ba wuta, fanka ta tsaya cak. Tun kafin a buɗe taro wani tsohon farfesa ya fara mita, wai lemon da aka ba su a zaman baya ba sanyi, kamar ruwan wanka, wannan ai cin mutuncin manya ne. Shugaba ya karkata ya yi wa sakatariyarsa raɗa, ta fita. Auta ba ta kawo komai a ranta ba, hankalinta na kan ajanda, inda ta tarar da firizarta a can ƙasa, ƙarƙashin batun wurin ajiye motoci.

Wurin ajiye motocin nan shi ya cinye hantsi. Bishiya ɗaya ce mai inuwa a harabar, farfesoshi biyu kowa na cewa tasa ce. Ɗaya ya ce ya riga shiga aiki, ɗayan ya ce ya riga zama farfesa. Farfesa Doka, wanda ba ya tari sai ya ambaci sashen da ya halatta, ya miƙe ya yi ta bayani har kumfa ta taru a gefen bakinsa. Auta na kallonsu. Gandama-gandaman mutane, masu jikoki, suna nuna wa juna yatsa a kan inuwa. Ta ɗaga hannu har kafaɗarta ta gaji.

"Auta, ba a zo kanki ba," in ji Farfesa Doka. "Wanda ya riga ki barci ai dole ya riga ki tashi."

Aka yi dariya, ta sauke hannu. Ta san halin majalisar nan sarai: lemo ne ƙararrawar tashi. Da an raba, kowa zai ɗauki kwalbarsa ya sulale, yawan mutanen da doka ta ce sai da su ake yanke hukunci ya kasa cika. Don haka duk motsin ƙofa sai ta waiga.

Bayan azahar, daidai lokacin da aka kafa kwamitin da zai duba batun bishiya, masinja ya turo ƙofa da baho a hannu. Kwalaben lemo ne cike, suna iyo a ruwan sanyi da 'yan guntayen ƙanƙara. An rufe bahon da tawul ruwan hoda mai zanen agwagi.

Ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba. "Baba, ina ka samo tawul ɗin nan?"

Dattijon ya ce a ɗakinta na gwaji. Sakatariya ce ta ba shi makullin ɗakin da ake ajiyewa a ofis tun da safe, ta ce ya kwaso ƙanƙarar kula ya sanyaya wa manya lemo. Ya ƙara da cewa kada ta damu, 'yan kwalaben ciki bai fasa ko ɗaya ba.

Gudu ta yi, ba ta ko tsaya gyara mayafi ba. Tun daga baranda warin ya tarye ta. Gaskiyar dattijo, bai fasa ko ɗaya ba. Ya jera su tsaf a kan teburin da ke jikin taga, inda rana ta wuni tana duka. Hantar ta koma ruwa-ruwa, baƙi ƙirin, wasu murafen sun kumbura sun ɗage, ƙudaje sun riga ta isowa.

Ta ɗauki kwalba ɗaya ta koma, ta dangwarar da ita gaban Shugaba. Ɗakin ya riga ya zama kango, saura mutum kaɗan suna tsotsar lemo. Shugaba ya toshe hanci da hankici, ya ce abin ba daɗi, amma ita ma da sakacinta, me ya hana ta manna takarda a kan kular? Farfesa Doka ya ƙirga kawuna da kan bironsa, ya ce a yanzu doka ba ta yarda a tattauna komai ba, za a ɗage batun firiza zuwa zama na gaba, kuma tunda abin ya zama na gaggawa, shi da kansa zai nemi a matso da shi sama.

"An ajiye miki naki," in ji sakatariya, tana nuna mata wata kwalba a bakin kujerarta, raɓa na gangarowa a jikinta. "Ki sha kafin ya huce."

Auta ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ji ko zaginsu ma ƙyama yake ba ta. Sai wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta san ko wane ne, ta daɗe tana kallon wayar kafin ta ɗauka.

"Malama, ya ake ciki?" in ji Mai Kifi, muryarsa wasai. "Mai gyara ya haɗa kayansa tun ɗazu. Mu taho?"