Gwaibar Phulmati

A gindin wata tsohuwar bishiya a Gaya, garin masu ziyarar ibada, inda ake sallamar matattu, layi ya kusa zuwa kan Dinanath, kuma har yanzu bai san abin da zai faɗa ba. Ya jera dunƙulen shinkafa saboda matarsa Phulmati, ya zuba ruwa, ya maimaita duk abin da pandit, malamin da ke jan addu'ar, ya karanta. Abu ɗaya ya rage. Duk wanda ya zo nan sai ya ambaci abin ci guda da yake so, ya bar shi har ƙarshen ransa, don zuciya ta koyi saki.

Mutane kuwa, ka san halinsu. Na gabansa ya bar kabewa, da ganin yadda ya faɗa da sauri ka san bai taɓa ƙaunarta ba.

Badri, ƙanen marigayiyar, ya matso kunnensa. "Jija, mijin yayata, ka ce garafuni kawai mu tafi. Ni shi na bari lokacin sallamar Baba, ko kewarsa ban yi ba."

"Ai dama ba ka cin sa."

"To shi ne dabarar! Wa zai bi ka gida ya duba tukunya?"

Dinanath bai yi dariya ba. Tun da Phulmati ta rasu, kullum da safe sai ya zauna ƙarƙashin gwaibar da ta shuka a tsakar gida, ya tsinki ɗaya, yana ci yana ba ta labarin unguwa. Maƙwabta na cewa tsoho ya zare. Malaminsa kuma ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: muddin yana riƙe da ita, ba ta tafi ba, shi ma bai zauna ba. Ya yarda da maganar, shi ya sa ya zo. Amma tsoro yake ji, tsoro ƙwarai.

"Dattijo, me ka bari?" in ji pandit, idonsa na kan mai bi masa.

Dinanath ya dubi dunƙulen shinkafar. Gumi ya gangaro masa ta kan da aka aske ɗazu. Na baya suka fara tsaki. 'Yarsa Sulochana ta riƙe masa gwiwar hannu.

"Babuji, ko me ka faɗa ya yi," ta ce a hankali.

"Garafuni!" Badri ya sake raɗa masa.

Ya buɗe baki da niyyar faɗin haka. Sai ya ji kunya ta kama shi, wai ya yi wannan doguwar tafiya don ya yi wa matarsa ƙarya a ranar sallamarta.

"Gwaiba," ya ce.

Pandit ya ɗago ya dube shi sosai, sannan ya sa shi ya maimaita. Ya maimaita. Badri ya dafe kai.

Da suka fito, yunwar azumi na cin su, suka zauna a kan matakala. Sulochana ta kwance ƙunshin guzuri, sai hannunta ya tsaya cak. Gwaibar gida ce a saman gurasar, ita ta tsinko masa kamar yadda ta saba. Ta yi sauri za ta rufe.

"Bar ta, ɗiyata. Ke ba ki yi alkawari ba. Ci."

Ta gatsa, hawaye na zubo mata. Ƙamshin ya bugi hancinsa.

"Ta nuna kuwa?" ya tambaya.

Kafin ta haɗiye ta amsa, ya ɗaga hannu.

"A'a. Kar ki gaya mini."