Notin da Na Ɗaure wa Surukina

Ni bakanike ne, kuma ba na ɓoyewa, na tsani ƙarar ƙarfe. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran injinan ɗaga kaya a Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda, kuma duk wanda ya yi aiki da ni ya san idan abu ya yi ƙas-ƙas kusa da ni, ba ni da sukuni sai na ɗaure shi. Matata Mastura takan ce ko murfin tukunya ne ya motsa a kan wuta, sai ta ga ina laluben sifana. Tsokana ce, amma ba ta yi ƙarya sosai ba.

Mahaifinta, Baba Othman, haifaffen Jidda ne. Yana da ɗan jirgin kamun kifi, fari mai ratsin shuɗi, da inji ɗaya a baya. Tun da aka rushe tsohuwar unguwarsu Karantina suka koma bene hawa na huɗu, a unguwar da bai san kowa ba, jirgin nan ya zame masa zaure, ya zame masa majalisa. Irin kamun da yake yi shi ake kira majrur: a saki doguwar igiya a bayan jirgi da ɗan kifin roba mai ƙugiya, a yi ta tafiya ana jan ta har dirak ya cafka. Dirak kuwa dogon kifi ne mai haƙora kamar reza, ga daɗi, ga wulaƙanci. Ka yi sauri ya ƙi bi, ka yi sanyi ya gane roba ce ya kama gabansa.

Idon Baba ya yi rauni, saboda haka duk Asabar ni nake raka shi. Ni ne mai kallon hanya da jan igiya, amma hannun injin nasa ne, ba ya ba kowa. Ya kuma daɗe da yanke wa kansa hukunci, ya faɗa a gaban kowa: ranar da ya fita sau uku a jere bai ɗaga dirak ba a cikin lokacinsa, halas, shi ke nan, teku ta sallame shi, zai zauna a gida. Dariya muke yi in ya faɗa, don a sanina ko sau biyu a jere bai taɓa yi ba.

Bana, da lokacin fitar da jirgi daga ruwa don kankare cikinsa ya yi, sai na ce bari in burge surukina. Na ɗauki hutu na ce ya zauna ya huta, aikin nawa ne. Kwana tara na yi a ƙarƙashin jirgin nan. Na kankare 'yan halittun nan masu ɓawo da ke manne wa cikinsa har tafin hannuna ya yi kanta, na shafa fenti hawa biyu, na canza baƙin mai da fulogi, na miƙe bakin farfela, na cusa giris duk inda giris ke shiga. Har sabon agogo na sa mai nuna gudun inji. Sannan na bi kowane noti ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani mariƙin ƙarfe a gefen inda Baba ke zama, notinsa ya saki, washar ciki tana rawa. Shekara uku abin nan yana ci min rai, zirrr, zirrr, kamar sauro a kunne, kunyar suruki ta hana ni taɓa shi. Na ɗaure shi tam, har da yi masa daƙuwa.

Ranar da aka mayar da jirgin ruwa, Baba ya bi shi da tafin hannu daga gaba har baya.

“Masha Allah, Rabi'u, ka mayar min da tsohuwa amarya. Allah Ya yi maka albarka.”

Wallahi ranar kaina ya kumbura, da ƙyar ya shiga mota.

Asabar ta farko muka yi awa biyar muna jan igiya, ko taɓi ba mu samu ba. Na ce ruwa ne ya yi sanyi. Asabar ta biyu jiragen da ke gefenmu suna ta ɗagawa, mu kuwa sai ciyawar teku. Na ɗora wa kifin roban laifi, na ɗora wa farin wata, har masu manyan jiragen yawon buɗe ido ban bari ba. Baba kuwa sai ya naɗe igiyarsa ya ce alhamdulillah.

Ranar Juma'a da yamma Mastura ta tare ni a kicin, idonta ya yi ja, ta kira ni da sunan 'yarmu Hind kamar yadda ta saba.

“Abu Hind, ka san Baba ba ya magana biyu. In gobe ta zama ta uku, zai hau benen nan ya zauna a gaban talabijin ɗin da ba ya gani. Ba zai yi shekara ba, ni na sani.”

Na ce ta kwantar da hankalinta, jirgin da na gyara da hannuna ba zai kunyata mu ba. Bakina ne kawai ya faɗa. Tsoro ya riga ya kama ni, don ina son tsohon nan kamar mahaifina.

Washegari muka fita bayan sallar asuba. Ruwa lafiya lau, iska kaɗan, tsuntsaye suna ta faɗawa a can gefen duwatsun ƙarƙashin ruwa, alamar ƙananan kifi sun taru. Na saki igiya biyu, Baba ya kama hannun inji. Awa ɗaya, shiru. Awa biyu, shiru. Na zuba shayi, nasa ya huce a hannunsa bai kurɓa ba.

Da na gaji da kallon ruwa sai na koma kallonsa. Hannunsa bai tsaya wuri ɗaya ba. Ya ƙara wuta kaɗan, ya rage, ya sake ƙarawa, kamar mai neman tasha a rediyo. Ban taɓa ganin haka ba, mutumin da a da yake murɗa hannun sau ɗaya ya manta da shi.

“Baba, ga agogo nan, in karanta maka lambar?”

“Karanta mana, ɗana. Sai dai ban san lambar da nake nema ba.”

Yana faɗa yana karkatar da kansa dama, kunnensa ya kusa taɓa mariƙin ƙarfen nan. Ya saurara, ya ɗago, ya sake murɗa hannun, ya kuma karkata. Sau uku ina gani kafin kwanyata ta buɗe. Innalillahi! Na tuna duk shekarun nan, ba ya cewa in saki igiya sai zirrr ɗin nan ya fara. In ya ƙara wuta ƙarar ta ɗauke, in ya rage ta koma ƙas-ƙas, a tsakiya kaɗai take yin zirrr, kuma a nan dirak ke ci. Ashe abin da na kira sauro shi ne agogonsa. Na ɗaure wa makaho agogon kunne, na kafa masa na ido, ina ta hura hanci.

Gumi ya karyo min. Na jawo akwatin kayan aiki a hankali, na zaro sifana lamba goma sha uku, na durƙusa a gefen ƙafarsa kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Ni Rabi'u, da ban taɓa sakin noti da gangan ba tun da na fara koyon aiki, na sa sifana na mayar da shi baya rabin zagaye.

Ƙas. Ƙas-ƙas.

Baba bai ko juyo ba. Fuskarsa na kallon teku ya ce, “Ƙara kaɗan.”

Na ƙara. Ya murɗa hannun injin sau ɗaya, sai ga shi, zirrr. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. Kafaɗun tsohon suka sauka, ya gyara zama, ya kurɓi shayinsa mai sanyi.

“Yalla, ƙara wa ta dama tsawo gaba biyar.”

Ba mu yi minti ashirin ba igiyar dama ta yi wani irin fizga, sandar da ke riƙe da ita ta lanƙwashe har tana neman sumbatar ruwa.

“Ya ci! Baba, ya ci!”

“To, ihun na mene ne? Ja! Kada ka ba shi sako-sako. A'a, ba da ƙarfi ba, kai ba jaki kake ja ba! Bar shi ya gudu. Yanzu naɗe.”

Kifin ya yi dama, ya yi hagu, ya nemi shiga ƙarƙashin jirgi ya yanke igiyar da farfela. Baba, da ba ya ganin komai sai haske da duhu, ya juya jirgin daidai da jin kukan igiyar kawai. Takalmina ɗaya ya fita, ina addu'a ina masifa duk a lokaci guda. Da ya taso, sai ga azurfa tana walƙiya a ruwa, tsawonsa ya kai ƙirjina. Na sa ƙugiyar ɗagawa na jefo shi ciki, ya yi ta dukan sabon fentina da wutsiya, ni kuwa ko a jikina.

Baba ya sunkuya ya shafa bayan kifin tun daga kai har wutsiya. Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun muna Karantina. Kafin azahar mun ƙara biyu. Na kira Mastura na ce ta jiƙa shinkafa ta soya albasa da yawa, yau akwai sayadiyya, dafa-dukar kifi, har maƙwabta. Guɗar da ta rangaɗa a waya sai da Baba ya ji ta a kan ƙarar inji.

Muna hanyar komawa, benayen Jidda sun fara fitowa, abin da ke cina ya ƙi kwanciya. Na sunkuyar da kai na tambaya.

“Baba, tun yaushe ka sani?”

“Tun ranar farko. Ina tayar da inji na ji jirgin ya yi min shiru.”

“Haba Baba! Asabar uku? Saura ƙiris ka bar teku saboda noti ɗaya! Me ya hana ka faɗa min?”

Ya lalubo hannuna, ya juya tafin sama, ya bi kantar nan da babban yatsansa ɗaya bayan ɗaya.

“Kwana tara kana kwance a rana saboda ni, Rabi'u. 'Ya'yan cikina ba su yi ba. Sai in buɗe baki in ce ka ɓata min jirgi? Gara in zauna a gida.”

Na juya ina kallon ruwa, na ce gishiri ne ya shiga min ido. Ya ce e, gishirin wajen nan haka yake, shi ma yana yawan shigar masa. Sannan ya miƙo hannu.

“Kawo sifanar nan in ajiye a aljihuna. Na san halinka.”