Buhu Biyu Bayan La'asar

Malam Gwadabe, malamin firamare a Funtua, ya gaji da awo. Kullum tiya ɗaya, kullum mai awo ya ce masara ta tashi. Da kaka ta yi sai ya sayar da tunkiyar da suke kiwo, ya tafi kasuwar Kafur ya sayo buhu biyu tun tana araha. A ganinsa gidan ya huta da cefanen hatsi har damina ta wuce.

Matarsa Baturiya ba ta ƙi ba. Abu ɗaya ta roƙa.

"Malam, a sauke su gidan Yaya Hajo a bayan gari. Sai mu riƙa ɗebowa a leda."

"Sata na yi? Da gumina na saya."

Ya shigo da su unguwa bayan la'asar, daidai lokacin da majalisar ƙofar masallaci ta cika. Har ya ce wa mai babur ya rage gudu, wai saboda ramuka.

Maƙwabcinsa Rabe ne ya fara ɗaga hannu. "Sarkin noma ba gona! Allah ya sa albarka."

Malam ya ji daɗin kirarin nan har cikin ƙashinsa.

Abin da ya manta, ko ya yi kamar ya manta, shi ne a unguwarsu ba a hana hatsin da aka gani da ido. Mai zuwa awo kullum in ya ce babu, an yarda. Mai buhu in ya ce babu, sunan rowa zai bi shi har jikoki.

Matar Rabe ta haihu, aka aiko da ƙwarya. Gwaggon Malam ta taso daga Maska duba lafiyarsa, shi da ko mura bai yi ba, ta koma da ƙullin da sai da aka ɗora mata. Aka yi rasuwa a layin baya, aka ce a kawo na gumbar sadaka. Baturiya ce ke ɗiba, tana kankare bakin tiyar a gabansa a hankali.

Kafin ruwan farko buhunan sun kwanta. Masara kuwa ta ninka kuɗinta, tunkiya kuma babu.

Tsakiyar damina, yara sun koma cin tuwo sau ɗaya, wani attajiri ya aiko da hatsi a raba wa mabuƙata. Malam ya sa hularsa mai kyau, ya je ya tsaya daga gefe, yana duba waya. Talha, ɗan mai unguwa, shi ke rabo.

"A'a, Malam, ka zo taya mu? Riƙe min bakin buhun nan."

Ya riƙe. Aka kira gida-gida. Rabe ya karɓi nasa, ya yi masa addu'ar ƙarin buɗi. Da aka zo ƙarshe Malam ya yi gyaran murya.

"Talha, gidana fa?"

Talha ya yi dariya sosai. "Malam ke nan, ba ka rabo da barkwanci. Kai da ka ciyar da unguwa?"

Malam ya taya shi dariyar, ya kakkaɓe hannu.

A gida Baturiya ta dubi hannuwansa, wayam. Ta miƙo masa baƙar leda.

"Je ka auno rabin tiya, zai yi. Amma Malam, ka biyo ta ƙofar masallaci. Ka ɗaga ledar sama, su gani."