Asabar Goma Sha Biyu

Zuwanta na uku ke nan kotun yara, har ta san inda bencin baranda yake da ƙusa. Goge-goge take yi a asibiti. Yau ma sai da ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata ɗakin haihuwa, sannan ta taho da Auta, 'yarta mai shekara goma sha huɗu.

"Taki me ta yi?" in ji wata dattijuwa da ke gefenta.

"Faɗa. Ta cire wa 'yar ajinsu haƙori."

"Gara ke. Jikana babur ɗin maƙwabci ya ɗauka, wai ɗani zai yi. Wancan mai jar riga waya ya sata, na kusa da shi kuma ƙwaya aka kama shi da ita. Mun zama 'yan gida, sai dai a ba mu ɗaki."

Uwar Auta ta so ta yi dariya, ba ta da ƙarfin yi. Wata biyu tana tambayar Auta abin da ya haɗa su, da lallashi da tsawa, yarinya ta ƙi buɗe baki.

Da aka kira su, alƙaliya ta cire tabarau ta murza idanu.

"Yarinya, yau ma shirun za ki yi mana?"

Auta ta sunkuyar da kai. Jami'ar kula da yara ce ta miƙe, ta ce ta samo bayani a makaranta. Waccan yarinyar ta je dubiya asibiti, ta ɗauki hoton uwar Auta a durƙushe tana kwashe amai, ta tura wa 'yan aji duka.

 Uwar ta juya ta dubi Auta, Auta ta kau da fuska.

"Na ji," in ji alƙaliya, "amma haƙori ba ya komawa." Ta ce Auta ta ba da haƙuri a rubuce, kuma kowace Asabar ta zo wurin jami'ar, ita da mahaifiyarta, har wata uku.

Asabar kaɗai uwar take hutu a mako.

A bakin titi suna jiran mota, Auta ta ce a hankali, "Umma, ki yi haƙuri."

"Da kin faɗa mini tun farko."

"Ban so ki gani ba."

 Uwar ta miƙa mata jakarta.

"Riƙe min, kafaɗata ciwo take. Ki wuce gida ki ɗora ruwa, ni zan koma aiki."