Sunan da Inna Ta Faɗa wa Makirfo

Daren jiya na yi wani irin mafarki, har yanzu bai sake ni ba. Na gan ni a tsakiyar wani gari da ban taɓa zuwa ba. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana hawa sama. Mutane na tafe ƙafar wandonsu sharkaf, hulunansu a bushe. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya dame ni shi ne ruwan ba ya yin ƙara ko kaɗan. Wani jaki ya wangale baki a gabana, sai da na sha kwana sannan kukansa ya iso, daga cikin wani tulu.

A hammatata akwai akwatin sautina, ɗan baƙin ƙarfen nan mai ƙofa biyu da nake soka makirfo a ciki, shi kuma in haɗa shi da kwamfuta. Da shi nake cin abinci, ina naɗar tallar magani da sanarwar biki. A mafarkin yana da ɗumi, yana numfashi a hankali. Na kuma san abin da ya kawo ni garin. Muryar Inna na zo nema.

Ni ne ɗan farinta. Sunana Zubairu, amma tun da ta haife ni bakinta bai taɓa furta shi ba, saboda kunya. "Kai wannan" take ce mini, ko ta ce wa ƙanwata Shafa'atu, "Kira mini yayanki." Da likitoci suka ce ciwon maƙogwaron Inna sai an yi tiyata an cire inda murya ke fita, sai ta aika a kira ni. Ta ce za ta faɗi sunan sau ɗaya kafin a rufe bakin, amma na'ura za ta faɗa wa, ba ni ba, kuma ba a gabana ba. Shafa'atu ta ce a yi da wayar hannu kawai a huta. Na ce uwata ba za ta yi maganarta ta ƙarshe a cikin wayar hannu ba, alhali ina da kayan aiki. Na kafa makirfo a ƙofar hagu ta akwatin, na danna maɓallin naɗi, na fita na ja ƙofa kamar yadda ta sharɗanta. Washegari aka yi aikin. Da na buɗe abin da aka naɗa, layi ne miƙaƙƙe a fuskar kwamfuta, babu ko tari a ciki. Wannan a farke ya faru, kuma a cikin mafarkin ma ina ɗauke da shi.

Sai ga ni a wani ofis. Awaki ne ma'aikata, kowace da teburinta. A saman ƙofa an rubuta Sashen Shigar Sauti. Na tsaya gaban wata jar akuya mai tabarau, tana taunar wayar kebul.

"Sannu da aiki, Hajiya," na ce.

"Aikin sa-kai ne, ba mai biyanmu," ta ce. "Faɗi da sauri."

Na zayyana mata komai. Ta karɓi akwatin ta shinshina, ta lashe ƙofar hagu, ta lashe ta dama, ta turo mini shi.

"A wajena yana aiki."

"Ai kwamfutarki daban ce da tawa."

"Shi ya sa."

Wani bunsuru a teburin gefe ya tambaye ni wace irin babbar manhaja ce ke tafiyar da kwamfutata. Na ce buɗaɗɗiya ce, irin wadda jama'a ke haɗuwa su rubuta kyauta, kowa ya ga cikinta. Nan take duk ofishin suka miƙe tsaye don girmamawa, sannan suka koma suka zauna.

"Ashe ɗan gida ne," in ji bunsurun. "To, ɗan gida ba ya kawo ƙara. Gyara yake kawowa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi shekaru ina yi wa abokan sana'a gori a kan manhajar nan, ina cewa su bayin kamfani ne, ni kuwa ɗa ne mai cin gashin kansa. Yau ga shi gashin nawa ne ake miƙo mini in ci ɗanye. Na danne zuciyata na tambaya ko wani ya taɓa kawo irin wannan kukan.

"An kawo," in ji akuyar. "Mun rufe maganar, don mai kukan ya daina zuwa."

"Me ya hana shi zuwa?"

"Ya rasu."

Ta ce in je in ga wani da ake kira Tafinta, gidansa na bayan kasuwa. Ta koma kan kebul ɗinta.

Kasuwar cike take, amma shiru kamar maƙabarta. Igiya guda ce ta sauko daga wata tsamiya, kuma wanda ya riƙe ta kaɗai ke da murya a duk garin. Sauran suna layi. Wanda ke riƙe da ita a lokacin wani ƙaton mutum ne mai tumbi, ba ya cewa komai, sai dai jifa-jifa ya ce "ƙilin", irin ƙarar shigowar saƙo, ya ci gaba da riƙewa. A bayansa akwai wata mata, gidanta na ci da wuta a ɗaya gefen titi, 'ya'yanta na ciki. Bakinta a buɗe har ana hango belinta, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, babu abin da ke fita. Wani rago mai gadi ya ɗaga allo a gabanta: Na'ura na kan aiki. Jama'a na kallon wutar sarai, amma tun da ba wanda ya ji an ce gobara, ba wanda ya ɗauko bokiti. Na so in tsaya, ƙafafuna suka wuce da ni. Na ji kunyar kaina har cikin ƙashi.

Tafinta na zaune a wani zaure mai duhu. A wajen aiki direba muke ce masa, 'yar manhajar nan da ke tsayawa tsakanin akwati da kwamfuta tana juya wa wannan maganar wancan. A garin nan kuwa tsoho ne siriri a kan tabarma, ba shi da idanu, an ɗinke kunnensa na hagu da baƙin zare. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, kai ka zauna da Inna ranar nan?"

"Ni ne."

"Me ta ce?"

"Ban ji ba. Kunnen dama aka bar mini."

Ya yi mini bayani ba tare da ya ɗaga murya ba. Kafin ranar, kwamfutata ta sabunta kanta kamar yadda ta saba. Masu gyara suka zo, don wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya yi kukan akwatinsa na jin hagu a dama. Suka gyara masa. Akwatinsa ɗan'uwan nawa ne, tafintansu ɗaya, sai gyaran ya juya nawa.

"Ta zauna a ƙofar hagu," ya ce. "Ni kuma na kasa kunne a ta dama, da zuciya ɗaya. Babu kowa a wurin. Na kai wa kwamfuta shirun, ta adana shi da kyau."

"Ba ka ga alamar sauti ba ta motsi ba?"

"Ni tafinta ne, ba ni da ido. Mai ido kai ne, kai kuma ka fita."

"Inna ce ta ce in fita."

"To."

Wannan "to" ɗin ta fi mari zafi. Na tambaye shi wa ke kula da shi, in je in kama wuyan rigarsa. Ya ce wani bawan Allah ne ya koya masa magana, a ɗan lokacin da yake samu in ya tashi daga aiki, ba don komai ba sai don ya taimaka. Daga baya ya sayar da akwatinsa ya kama wata harka. Tun daga nan shi maraya ne, duk wanda ya bi ta hanya ya taɓa shi ya wuce. Sai ya ɓalle maɓallan rigarsa, ya ɓalle na fatar cikinsa, ya buɗe mini. Babu hanji, babu hanta. Layukan rubutu ne ƙanana, suna tafiya kamar tururuwa.

"Ga shi nan," ya ce. "Komai a buɗe yake. Ba a ɓoye maka harafi ɗaya ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Na ƙura ido ban gane ko layi ɗaya ba. Na sa yatsa na taɓa wani wuri, sai duk zakarun garin suka kama tari. Na janye hannuna da sauri. Ya mayar da maɓallansa a tsanake, ya ce ko na gyara shi yau, maganar gobe zai ji, ba ta jiya ba. Abin da ba a kama ba, rijiya yake gangarawa.

Rijiyar na bayan gari, inda ba bishiya ba tsuntsu. Wata tsohuwar akuya mai ƙaho ɗaya ke tsaronta. A gefenta guga biyu ne, ɗaya ɗan ƙarami kamar moɗa, ɗaya kuwa ya kai tukunyar biki.

"Duk maganar da aka yi na'ura ba ta kama ba, tana ciki," ta ce. "Wanne za ka zura? Ƙaramin yana zuwa da wuri, amma a yayyage. Babban yana zuwa cif, amma yana makara."

Na ɗauki ƙaramin. Kafin in ja sau biyu ya iso yana yoyo. Na kara kunnena. Na ji motsin kujera. Na ji gyaran murya. Sai ga Inna, muryarta a dishe kamar yadda take a kwanakin ƙarshe: "Ya fita ko?" Ta yi 'yar dariyar nan tata da take rufe baki da mayafi. "Kai, wannan abu da nauyi yake." Na zauna a ƙasa. "Bismillahi. To, ka ji, kai…" Sai ƙas, rami a tsakiyar maganar. Sai kuma, "…ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Na sake zurawa. Kujera, gyaran murya, dariya, bismillah, rami. Na sake. Ramin na nan inda yake, bai matsa ba. Na yi kuka, hawayen suka bi ta goshina suka hau sama.

"Gugan ne ke ƙarewa kafin kalmar ta cika," in ji akuyar. "Haka ƙaramin yake."

"Ba ni babban. Yaushe zai iso?"

"Ba ma yin alkawari. Mu 'yan sa-kai ne."

Na zura shi. Ya daɗe yana sauka, sannan igiyar ta yi nauyi, na fara ja. Ina ja tafin hannuna na saɓulewa. Ina ja gemuna ya yi fari, ya sauko har ƙirji. Haƙorana suka riƙa zuba cikin rijiyar ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi ƙara. Da na waiwaya sai na ga Inna a zaune kan darduma, wuyanta naɗe da bandeji, ta ba ni baya. Awakin ofis sun iso da tabarau ɗinsu, suna haƙa rami a kusa da ita da kofato. Ba sa gaggawa. Sukan tsaya su auna tsawonta da kara, su ci gaba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na gane ɗayan biyu zai riga ɗaya, ko gugan ko ramin.

Na ja da iya ƙarfin da ya rage mini. Bakin gugan ya bayyana, an rufe shi da faifai. Wani abu na ciki da rai, yana bugun gefen ƙarfen, ƙwal, ƙwal, ƙwal, yana son fitowa. Na riƙe igiyar da dasashi, na miƙa hannu zan ɗage faifan.

Na buɗe ido. Gari ya waye, hasken rana ya shigo ta taga har kan tabarmata. Ƙarar ba ta tsaya ba, daga ɗakin Inna take fitowa: cokali ne ake bugawa a jikin kwanon sha. Ina kwance ina saurare, hannuna na dama a miƙe kamar yadda na farka da shi.

Shafa'atu ta leƙo daga madafa, hayaƙi ya sa idanunta ja.

"Yaya, tashi mana. Kai take kira."

"Ya aka yi kika sani?"

"In ni ce, tafi take yi. Cokalin naka ne."

Aka sake bugawa, a hankali, ba fushi a ciki. Na ce, "Na'am, Inna," na tashi ina laluben takalmina.