Shekarar da Aka Hana Kunnen Doki

A daminar 1987 kamfanin siminti na Malbaza ya yi baƙo, wani anasara ɗan ƙasar Norwe mai suna Ulaf, wanda aka ɗauko don gyaran murhun da ake toya siminti. Aka haɗa shi da Abarshi mai walda, su riƙa aiki tare. Faransancin Ulaf gurgu ne, na Abarshi kuwa ko rarrafe bai fara ba, amma da hannu da ka da zane a ƙasa suka fahimci juna, har suka saba.

Ƙwallo ce ta ɗaure abotar. Abarshi shi ne alƙalin wasa na Samariya, wato ƙungiyar samarin ƙauyensu, Tudun Inuwa, kuma yana ji da wannan muƙami fiye da yadda ya kamata. Usur ɗinsa na rataye a wuya ko wurin suna za shi. Shi kuwa Ulaf, duk ranar Lahadi bayan la'asar sai ya fito da rediyonsa gindin dogon yaro, ya jefa waya a kan reshe, ya yi ta murɗa har muryar ƙasarsu ta fito cikin shuuu. Sakamakon gasar manyan ƙungiyoyin Norwe yake saurare, don ƙungiyar garinsu na ciki, kuma a shekarar nan ba ta da lafiya sosai. Ya gaya wa Abarshi cewa su ba sa wasa sai dusar ƙanƙara ta narke, su fara wajen lokacin sharar gona, su ƙare da kaka. Abarshi ya ce ashe su ma manoma ne, ƙwallo kawai suke shukawa.

Wata Lahadi aka ce ƙungiyar Ulaf ta tashi ɗaya da ɗaya. Abarshi ya miƙe zai tafi, Ulaf ya riƙo rigarsa, kunnensa manne da rediyo. Can sai ya yi tsalle yana ihu. Da ya natsu ya ɗauki kara ya zana a ƙasa: a bana hukumar ƙwallon ƙasarsu ta fito da sabuwar doka, ba a barin kunnen doki ya kwana. In an tashi canjaras sai a yi bugun penalti, wanda ya ci ya ɗauki maki biyu, wanda aka ci ya tafi da ɗaya. Ko ta yaya sai an san wanda ya fi wani a ranar.

Abarshi ya daɗe yana kallon zanen nan. Sai Ulaf ya tambaye shi, su a ƙauye wa ya ci bara. Ya ce kunnen doki aka yi. Bara waccan fa? Kunnen doki. Kafin nan? Shi ma kunnen doki. Ulaf ya kwashe da dariya. Dariya ce ta raha, ba ta da dafi, amma ta shiga Abarshi har ƙashi.

To, ga yadda abin yake. Tudun Inuwa da Kwarin Inuwa kakansu ɗaya, rijiyarsu ɗaya, kuma akwai wani fako a tsakaninsu wanda ko ciyawa ba ta cika son sa ba. Tun da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya kawo ƙwallo yankin, duk kaka in an gama kai gero rumbu sai ƙauyukan biyu su kara a fakon nan. Shekarar farko Tudu ta ci, aka tashi da sanduna, aka fasa kan mutum, mata suka yi watanni suna jan ruwa ba mai gaida wata. Tun daga ranar ba a sake cin kowa ba. Ba wanda ya taɓa furta wannan da baki, kuma wasa ake yi na gaske, har da karaya. Amma in rana ta yi ja, wani ɓangare na gaba, sai tsoho Takama, wanda ya girmi kowa a ƙauyukan biyu, ya cire malafarsa ya fara fifita. Nan take ƙafafun 'yan bayan masu rinjaye su yi nauyi, golansu ya faɗi inda ƙwallo ba ta nufa ba, a rama. Daga nan kowa ya wuce cin tuwo a akushi ɗaya.

Abarshi ya san wannan sarai, don shi ke busa tashi da zarar an rama. Bai taɓa jin kunyar abin ba sai da baƙo ya yi dariya.

Golan Kwari kuwa Sha'ibu ne, ɗan kawun Abarshi, taubashinsa. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki, kuma tun suna yara ba wanda ya taɓa kiran ɗan'uwansa da suna. Kowa "bawana" yake ce wa ɗaya, kowa na iƙirarin shi ne ubangidan. In Abarshi na da magana a ciki wadda ba ta faɗuwa, wurin Sha'ibu yake kai ta. Shi ya fara gaya wa cewa bana zai shigo da dokar Norwe.

"Bawana," in ji Sha'ibu, yana dariya, "kai da anasara ya ba ka shayi sau guda ka koma anasara. Kawo dokar taka mu gani. Mu dai ba mu ƙi ba."

Matarsa Tsahara ba ta yi dariya ba. Tana tankaɗe ta ce, "Maigida, abin da tsofaffi sunka binne, mi ya kai ka tonawa?"

"Mi kika sani ga ƙwallo?" ya ce.

"Ban san ƙwallo ba. Na san rijiya."

Ya bar ta da tankaɗenta. Samari kuwa suka karɓi maganar hannu biyu, don yaro bai san wuta ba sai ya taka. Tsoho Takama da aka gaya masa, goro kawai ya ɓara. Ulaf ya yi alkawarin zai zo kallo, kuma zai kawo sabuwar ƙwallon fata ya ba wanda ya ci.

Ranar wasa fako ya cika har kan tudu. Masu tallan rake da ƙosai sun zo tun daga Tsarnawa. Aka shimfiɗa wa Ulaf tabarma kusa da Takama, ya zauna fuskarsa ta yi ja, ƙwallon kyauta a cinyarsa. Aka gwabza. Kwari na gaba da biyu da ɗaya lokacin da rana ta sunkuya, Takama ya cire malafa, Sha'ibu ya yi wata irin faɗuwa mai kyan gani zuwa dama, ƙwallo ta shige ta hagu. Biyu da biyu. Abarshi ya busa, mutane suka fara karkaɗe riguna kamar yadda aka saba, sai ya ɗaga hannu ya auna taku daga bakin gida, inda gola ke tsayawa, ya aje ƙwallo. Aka ja kara, bugun farko ya faɗa wa Tudu.

Ɗan Tudu ya buga ta shiga. Ɗan Kwari ya buga ta shiga. Haka aka yi ta yi, kowa ya zo ya jefa. Ulaf yana ta tafi, yana mamakin ƙauyen da ba a ɓarar da penalti. Abarshi kuwa tun bugu na uku ya gane abin da ke gudana. Sha'ibu da Isufu, golan Tudu, kowannensu tun kafin a taɓa ƙwallo yake zubewa gefe ya bar gida a buɗe. Ba su yi shawara ba, ba su ko dubi juna ba. Sun dai ɗauki dokar baƙo sun sa mata rigar gida, suna jiran magariba ta raba. Ran Abarshi ya ɓaci ƙwarai, don gani yake da shi ake wasa a gaban baƙonsa.

'Yan wasa suka ƙare, saura gololi. Isufu ya zo ya buga, Sha'ibu ya kauce masa, ta shiga. Sai Sha'ibu ya fito ya aje ƙwallo, ya dubi Abarshi ya kashe masa ido. Ya ja baya kaɗan, ya taho da ƙafarsa ba takalmi. Isufu ya riga ya kwanta can gefe, gida a wangale, ko akuya aka kora za ta shiga. Amma wurin ya sha taku, ƙasa ta yi laushi. Ƙafar Sha'ibu ta nutse a rairayi ta shiga ƙarƙashin ƙwallo, ƙwallo ta tashi ta haye igiyar da aka ɗaura a saman sanduna, ta faɗa cikin karan dawa.

Da ɗan Tudu ne ya fara ɓararwa, da ɗan Kwari ya bi shi ya ɓarar, a zauna lafiya. Amma mai bugun ƙarshe ba wanda ke bayansa da zai rufa masa asiri. 

Isufu ya tashi da sauri yana karkaɗe jiki. "Alƙali, na motsa tun ba a buga ba! Kowa ya gani. A sake!"

Gaskiya ya faɗa, kuma doka ma tana bayansa, don gola ba ya gusawa kafin a buga. Abarshi ya san haka. Ya waiwaya ya ga tsoho Takama ya cire malafa yana fifita a hankali, ko da yake iskar yamma na kaɗawa. Ya ga Sha'ibu tsaye, hannu a ƙugu, yana murmushin jiran a ce masa sake, bawana. Ya kuma ga Ulaf ya miƙe riƙe da sabuwar ƙwallo, yana neman wanda zai miƙa wa. Abarshi ya sa usur a baki ya busa tashi.

Ba a ɗauki sanda ba a wannan karon, kuma da an ɗauka wataƙila da ya fi sauƙi, don kan da aka fasa yana warkewa. Mutanen Kwari suka naɗe tabarminsu suka gangara gida, tuwon da aka tuƙa dominsu ya kwana a akushi. Kafin sati ya zagayo 'yan matan Tudu sun yi waƙa a dandali:

Sha'ibu mai halbin tsuntsu,
Gida na ƙasa, ƙwallo na bisa.

Waƙa ba ta da ƙafa amma ta riga mota zuwa kasuwar Illela. Da can in an tashi wasa ba sunan wanda ake kamawa, gari biyu ne suka yi kunnen doki. Yanzu kuwa an sami mutum guda da za a nuna da baki. Sha'ibu ya je sayar da wake, mai awo ya tambaye shi ko tsuntsun ya faɗo. Bai jira an gama sussuka ba ya ɗaure kayansa ya tafi cin rani Sakkwato, bai sallami Abarshi ba, abin da bai taɓa yi ba tun da suka fara tafiya.

Duk ranin nan Abarshi yana gaya wa kansa cewa gaskiya ya yi. Haka manyan ƙasashe ke yi, kuma wanda ke son ci gaba sai ya haƙura da ɗacinsa. Wannan magana ita ce sandar da ya dogara da ita, ko da yake in ya tuna murmushin nan na Sha'ibu sai abinci ya fita ransa.

Bazara ta shigo, aka fara sharar gona, gasar Norwe ta dawo. Ulaf ya sake jefa wayarsa a kan dogon yaro, Abarshi na gefe. Wata Lahadi aka ce ƙungiyar Ulaf ta tashi ba ci. Ulaf ya ɗaga kafaɗa, ya kashe rediyo, ya fara naɗe waya.

Abarshi ya ce, penalti fa?

Ulaf ya ɗan yi jim kafin ya tuna. Ya ce ai wannan an bar ta. Gwaji ne aka yi na shekara guda, aka ga ba ta yi ba, aka watsar. Yanzu in an yi kunnen doki kowa ya ɗauki makinsa ɗaya ya tafi gida. Ya faɗi haka yana neman murfin batir a cikin ƙasa, bai ko lura da fuskar abokinsa ba.

 Baƙin ciki ya taso wa Abarshi, ba don Ulaf ba, don mutumin bai taɓa ce masa ya kai dokar ƙauye ba. Su can sun gwada abinsu a kan takarda, da bai yi ba suka goge. Shi ya gwada a kan ɗan kawunsa.

Washegari da sassafe ya gangara Kwari. Ya ji Sha'ibu ya dawo, ya kuwa same shi a gona yana tara kara zai sa wuta. Sha'ibu ya rame kaɗan. Abarshi ya yi sallama, aka amsa masa, aka gaisa gaisuwa mai tsawo irin wadda ake yi wa baƙo.

"Bawana," Abarshi ya ce, "dokar nan, masu ita sun bar ta. Jiya na jiya ga bakin anasaran. Sun ce ba ta da kyau. Bana sai mu koma yadda muke."

Sha'ibu ya jingina da mayayinsa, ya dube shi ba fushi a fuskarsa. Abarshi ya so a ce akwai fushin, don fushin taubashi zagi biyu ne ya wuce.

"Madalla da su," in ji Sha'ibu. "Su sun bar tasu. 'Yan matan garinku sun bar waƙa?"

Abarshi ya sunkuyar da kai.

Sha'ibu ya duƙa ya ci gaba da tara karansa. "Rana na yi," ya ce. "Ka gaida gida, Malam Abarshi."