Ƙullin Bakin Mayafi

Hajo tana naɗe kayan 'yarta a bakin gadon asibiti sai hannunta ya ci karo da wani ƙulli a bakin mayafi. Ta waiga. Ummukulsum ta shiga banɗaki, nas kuma tana can ƙarshen ɗaki tana rubutu. Ta sa haƙori ta kwance. Ƙwayoyin sukari ne guda huɗu, farare tas, an naɗe su a ɗan ƙyalle an manne da filasta.

"Lallai yarinyar nan," ta ce a ranta. "Sukari ya kusa kai ta kabari, amma shi take ɓoyewa."

Ta jefa su a kwandon shara, ta tura su can ƙasa da ƙafa, ta ci gaba da naɗe kaya kamar ba ta ga komai ba.

Yau kwanansu shida a Funtua. Ummukulsum 'yar fari ce, cikin ma na fari, wata bakwai. Da mijinta Awaisu ya kawo ta gida Ƙarfi goyon ciki, Hajo ta yi niyyar kiwata ta sai dangin miji sun kasa gane ta. Ita kuwa sana'arta mazarƙwaila, shekara talatin tana kasa ta a kasuwa, don haka kunun safe da na yamma duk sai ta ɓantara ta zuba. Amma maimakon yarinya ta cika, sai ta dinga zubewa, wuya ya fito, ido ya faɗa. Ruwa kuwa, randa guda ba ta kai mata yini. Sai tururuwa suka fara layi a makewayi. Ranar da amai ya ƙi tsayawa aka kwaso ta zuwa asibiti.

Likita ya ce ciwon sukari ne nau'i na ɗaya. Ba irin wanda ke zuwa da ciki ya tafi da haihuwa ba ne. Wani abu ne a jikinta ya daina aiki, allura ce za ta riƙa yin aikinsa, kullum, har iyakar rai. Ya ce ba abin da ta ci ne ya jawo ba. Hajo ta gyaɗa kai don girmamawa, amma a zuciyarta ta riga ta yanke wa kanta hukunci: da hannunta ta zuba wa 'yarta ciwo a kofi. Ta yi wa kanta alkawari ita da mazarƙwaila har abada. Ko curin da ta taho da shi don ta ba ma'aikata tukuici, kunya ta hana ta fito da shi, yana nan ƙasan jaka.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne kwalbar maganin. Ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ruwan cikinta kamar na rijiya, ba launi. Amma da idonta ta ga wannan ruwa ya tayar da wadda aka shigo da ita ranga-ranga, ta zauna har tana neman madubi. Sai Hajo ta ɗauki kwalbar ta ɗaga ta wajen haske, ta yi ta juya ta tana tasbihi.

Sai dai akwai abin da ya wuce ta. Hajo mace ce mai alkunya irin ta da. Tun da ta haifi Ummukulsum ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". Don haka duk lokacin da nas ɗin ɗakin, Malama Zakiyya, ta ja kujera za ta fara bayanin ciki da allura, sai Hajo ta tuna tana da wanki a waje.

Da azahar, kafin a sallame su, Ummukulsum ta ɗage zani ta yi wa kanta allura a cinya, ta miƙa hannu wajen kwanon shinkafa. Hajo ta janye shi ta tura mata kwaɗon zogale.

"Inna, an ce in na yi allura in ci shinkafa ko tuwo daidai gwargwado."

"Matar gadon can ta ce shinkafar nan ita ce sukarin. Shekararta goma da ciwon, ta fi ki sani. Ci ganye."

Ummukulsum ba ta saba musu da uwarta ba. Ta ci zogale loma biyar, ta ce in sun isa gida ta ci tuwo. Awaisu ya riga ya yi gaba a babur da tabarmi da kwanuka, don ya nemi sabon tulun da za a riƙa ajiye maganin a sanyi. Su kuma suka shiga motar Malumfashi, su huɗu a baya.

Masara ta nuna ko'ina, gonaki sun yi ruwan ƙasa har iyakar ganin ido. Sun ɗan wuce Bakori Hajo ta ji kafaɗarta ta jiƙe. Ta duba, sai ta ga zufa na tsiyaya daga goshin 'yarta, alhali iska na shigowa ta taga. Hannun yarinyar na rawa, leɓenta ya yi fari.

"Ke, lafiya?"

"A kwance akuyar," in ji Ummukulsum, harshenta ya yi nauyi. "Ruwa zai taɓa ta."

Rabon gidansu da akuya tun bara.

Direba ya gangara gefen titi, aka fito da ita aka jingina ta da gindin wata ɗorawa. Wata fasinja ta ce iska ce, masu ciki ba sa rasa wannan, ta fara tofa addu'a. Wani dattijo da ke gaba, Alhaji Shitu, mai sayen hatsi, ya leƙo ya tambayi abin da ke damunta. Da ya ji, sai ya gyara hula.

"Sukarin ne ya hau. Yayana haka yake yi. Ba an ba ku allura ba? A ƙara mata, Hajiya, kada a ɓata lokaci."

Hajo ta fito da kwalbar da sirinji. Kwana shida tana leƙen yadda ake yi ta taga, za ta iya. Kuma maganar Alhaji ta zauna mata daidai: ciwon sukari, maganinsa allura. Rai biyu ne jingine da itacen nan, ta kuma san in ta yi kuskure duka biyun za ta rasa.

Ta durƙusa za ta ɗage zanin, sai ta lura da hannun 'yarta. Idanun sun juye, bakin ya daina magana, amma yatsun suna ta bin gefen mayafi. Su kai ƙarshe, su murza, su dawo, su sake bi. Wurin ƙullin suke nema.

Hajo ta tsaya da sirinji a hannu. Kwaɗayi ne a wannan hali? Sai filastar nan ta faɗo mata a rai. Mai ɓoye abin kwaɗayi a leda take ƙulle shi. Wannan kuwa an yanka ƙyallen da almakashi, an manne shi tsaf da filastar asibiti, irin wadda ke aljihun Malama Zakiyya. Ba ɓoyewa aka yi ba. Nas ce ta ba ta, don rana irin ta yau.

Ta ajiye allurar a kan ciyawa.

"Wa ke da sukari? Ko alewa, ko lemo?"

Aka dubi juna. Ba wanda ke da shi, kuma ba gida ko ɗaya kusa. Alhaji Shitu ya ce, "Hajiya, sukari kuma? Kashe ta za ki yi."

Ba ta ko dube shi ba. Ta zazzage jakarta a ƙasa, curin mazarƙwaila ya gangaro. Ta fasa shi a kan dutse, ta murtsuke gutsuren da tafin hannu, ta zuba a murfin kwano, ta tsiyaya ruwan leda ta dama da yatsa. Ta tallafo kan 'yarta. Leɓen ya ƙi buɗewa.

"Ummukulsum," ta ce. Muryar ta fito wata iri, kamar ta aro. "Ummukulsum, buɗe baki ki sha. Ni ce."

Leɓen ya motsa. Maƙogwaro ya yi sama ya yi ƙasa. Kurɓi ɗaya, biyu, har murfin ya ƙare, ta sake damawa.

Daga nan sai jira. Tirela ta wuce, ta biyu ta wuce. A gaban idonsu rawar hannun ta lafa, zufa ta tsaya, jini ya dawo leɓe kaɗan-kaɗan, kamar shukar da ta yi yaushi aka ba ta ruwa da yamma. Ummukulsum ta buɗe ido ta dubi mutanen da ke tsaye a kanta, ta ja mayafi ta rufe kai.

"Me muke yi a nan?"

"Ikon Allah," in ji Alhaji Shitu a hankali. Ya cire hula ya riƙe a hannu. "Da ta tawa aka bi, da yanzu wani zancen ake."

Da Ummukulsum ta dawo daidai, ita da kanta ta kira Malama Zakiyya ta sa wayar a fili. Nas ɗin ta ce sukarin ne ya faɗi ƙasa, allura ta shiga ba ta tarar da abinci ba. Ta ce a nema mata abu mai nauyi ta ci yanzu, ta gwada jininta, in kuma ba ta ji motsin ɗan ba su juyo.

"Mama, me kika ba ta?"

"Mazarƙwaila," in ji Hajo, kamar mai amsa laifi.

"Kin kyauta. Kada ta ƙara fita ko ƙofar gida babu ita a jikinta."

Direba ya tsallaka gona ya samo dafaffiyar masara wajen masu girbi. Ummukulsum tana ci, ɗaya hannun na kan cikinta, fuskarta ba walwala. Tun asibiti ɗan bai motsa ba. Hajo ta kau da kai tana kallon gonaki, leɓenta na motsi. Can sai ta ji an kamo hannunta an ɗora a kan cikin. Ta so ta janye, ga maza a tsaye. Kafin ta janye, wani abu ya tokari tafin hannunta, ƙaramar dunduniya ko gwiwa, ya sake tokara da ƙarfi. Ta haifi bakwai, amma ba ta taɓa jin abin daga waje ba. Ta bar hannun a wurin har ɗan ya gaji ya kwanta.

Da suka koma mota, Ummukulsum ta jingina da ita ta yi ƙasa da murya.

"Inna, ɗazu kamar na ji kin kira sunana."

"Ni? Ciwo ne ya sa ki jiye-jiye."

"Sau biyu ma."

Hajo ta jawo bakin mayafin 'yarta, ta zaɓi gutsuren mazarƙwaila mafi kyau guda huɗu, ta ƙulle su a wurin da ta kwance da safe. Ta ja ƙullin ta gwada, sai ta ga ya yi tauri da yawa ga hannu mai rawa. Ta kwance, ta sake ɗaure shi sako-sako.